Yadda Bakina Ya Kusa Yanka Kazar Kaka Falmata

Ko da zan manta da komai na farkon aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je gaida surukaina a wani ƙauye kusa da Baturiya ba. Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Haɗeja (a riƙe wannan da kyau, don shi ya ƙara wa abin gishiri), kuma a lokacin ina ji da kaina. Na karanta kiwon kaji a littafi har na ci jarrabawa, amma ko ɗan tsako ban taɓa mallaka ba. Ƙwan da na sani shi ne na kiret a teburin mai shayi, manya, jajaye, duk kansu ɗaya.

Da hantsi muka isa a kan babur, ni da matata Maryama. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfa, surukina Malam Bukar ya zauna daga gefe. Muka gaisa, muka taɓa zancen shinkafa da ruwan bana, ina ta sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Da na ci gaba da sunkuyon nan, da an rabu lafiya.

Can sai Maryama ta fito da ƙwarya cike da ƙwai ta nuna mini, ta ce tsarabar da mahaifiyarta ta tara mana ce. Na leƙa. Wasu ja, wasu fatsi-fatsi, wasu kuma farare ƙal, 'yan ƙanana. Nan take malantar ta motsa. Na ɗauki fari guda na ɗaga shi saitin rana, na kanne ido ɗaya (har yau ban san abin da nake dubawa ba).

Na ce, "Wace kaza ce take yin wannan?"

Maryama ta nuna wata ƙaramar baƙar kaza tana tono a gindin rumbu. "'Yar Baƙa ce."

Na girgiza kai cikin tausayi. "Ai wannan ba ta da ƙarfin jini. Lafiyayyen ƙwai ja ne, babba. In ka ga fari ƙarami haka, jikin kazar ya gaza, dusa kawai take ci a banza." Har da jefa Turanci biyu a tsakiya don maganar ta zauna. Maryama ta harare ni, na ɗauka kallon sha'awa ne.

Surukina mutum ne mai girmama ilimi, kuma wannan ne ya jawo. Ya ce, "Ikon Allah! Ka ji amfanin karatu. Da ma zakara muka yi niyyar yanka muku. Tunda Malam ya duba ya ce ba ta da amfani, a bar zakaran." Ya tashi da kansa ya watsa tsaba, ya cafke 'Yar Baƙa, ya wasa wuƙa a jikin dutse. Ni kuwa ina zaune ina jin daɗi an ɗauki shawarata. An ce baki shi ke yanka wuya, to nawa bakin wuyan kaza ya tashi yankawa.

Ya take fukafukanta ke nan sai muka ji sallama. Kaka Falmata ce, mahaifiyarsa, ta dawo daga gidan suna da sandarta.

"Bukar! Me ta yi maka?"

"Iya, Malam ne ya duba ƙwanta, ya ce jininta ya yi rauni."

Tsohuwar ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Au, mijin nawa ne likitan? Sannu da aiki, angona." Ta karɓe kazar ta zauna a bakin tabarmata tana shafa ta. A nan na ji tarihin wadda na yanke wa hukunci. Shekarar da ruwa ya shigo musu gari, a cikin masaki Kaka ta ɗauko kazar nan a ka, ta ratsa ruwa da ita zuwa tudu. Rabin kajin gidan ita ta ƙyanƙyashe su, har ƙwan zabi ake sa mata ta kwanta a kai, kuma shirwa ba ta taɓa ɗaukar mata ɗa ba.

Ta karkata kan kazar ta nuna mini wata 'yar fata fara-fara a ƙasan kunnenta. "Ka ga nan? Yawanci mai irin wannan, farin ƙwai take yi. Uwarta ma fari ta yi har ta mutu. Kowace kaza da kalar ƙwanta, iri ne, ko buhun gero ka juye mata ba za ta sake ba." Ta sa hannu a ƙwaryar ta zaro wani ja ƙarami. "Wannan ga shi ja, me ya hana shi girma? Na sagara ne, bana ta fara yi. Bari ta kwana biyu ka ga yadda zai ƙaru. Ita kuwa 'Yar Baƙa, dubi jikinta. Ƙwan jimina kake so ta yi maka?"

Mai hankali a nan zai ce, "Gaskiyarki, Kaka." Ni sai na ji bakina yana cewa, "To amma dai jan ya fi amfani a jiki, ko a baki ma ana jin bambanci."

Kaka ba ta yi musu ba. Ta miƙa wa Maryama farin da jan, ta ce a dafa. Ba a jima ba aka kawo mini su a faranti, an ɓare, kamar tagwaye. "Bismilla, likita. Fitar mana da na mai ƙarfin jini."

Na gutsuri na farko, na gutsuri na biyu. Wallahi ƙwai ne kawai. Amma da yake na riga na hau, sai na tauna a hankali, na lumshe ido, na nuna na dama. "Wannan. Ko gwaiduwar ta fi maiƙo."

Maryama ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta ce, "Na 'Yar Baƙa ne."

Daga bayan zana na ji dariya ta ƙwace wa matan gidan, har da surukata, wadda kunya ba ta taɓa bari na ji muryarta sosai ba sai ranar. Surukina ya yi gyaran murya ya turo mini kofi. "Malam, sha ruwa, ƙwai yana shaƙewa." Wannan kirkin nasa ya fi dariyar ƙona ni. Kaka kuwa ba ta gama ba, ta sa aka kawo ɓawon jan, ta juya shi ta nuna mini cikinsa, fari tas. "Jan ma shafe ne a waje, kamar lalle."

Zakaran dai shi ya biya kuɗin surutuna, Allah ya ba shi haƙuri. Kaina a ƙasa na ci naman, 'Yar Baƙa tana kai da kawo a gabana tana tsattsagar tuwon da ya faɗi. Da muka koma Haɗeja na buɗe littafin da nake koyarwa da shi, na tarar da maganar Kaka a ciki tsaf, a shafin da na saba tsallakewa don ba ya fitowa a jarrabawa.

Tun daga ranar na yarda ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a gidan surukai gaisuwa ta ishi mutum. Yanzu in ɗalibi ya tambaye ni abin da ban tabbatar ba, cewa nake yi ya bari sai gobe. Kaka Falmata kuwa har yau duk wanda zai shigo Haɗeja sai ta ba shi fararen ƙwai a ƙulle cikin tsumma, da saƙo iri ɗaya: "A kai wa likita ya duba mana, ko jinin ya ƙaru."