Goɗiyar Alhaji Barau

A wani gari a ƙasar Gumel akwai wani attajiri, Alhaji Barau, mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarabce shi da bin diddigin asalin dawaki. Yana da wata goɗiya fara tas mai suna Zinariya, wadda a faɗarsa kakanninta daga Sudan aka zo da su. Burinsa a duniya guda ne: ta haifa masa duƙushin da zai ci sukuwa, a riƙa kiran sunan Barau ta lasifika. To amma ina mijin? Duk ingarman da aka kawo, sai Alhaji ya zagaye shi, ya buɗe masa baki, sannan ya dubi mai shi ya ce, "Wane ne ubansa? Kakansa fa?" Da an yi ɗan jim, shi ke nan, an faɗi jarrabawa. Wannan kakarsa ta taɓa jan amalanke, wancan kuma kunnensa bai yi kama da na manya ba. Haka shekaru suka yi ta tafiya, Zinariya na turke tana cin harawa da dusa tana tsufa, ba abin da take gani sai dangar da ta raba bargarta da gidan maƙwabcinsu Tunau, mai ɗaukar yashi da jaki.

Da Alhaji ya ga furfura ta fara kama shi, goɗiya kuma ƙarfi na shirin ƙarewa, sai hankalinsa ya tashi. Ya ɗauke ta a mota har Damagaram, wurin wani ingarma da ake lissafa kakanninsa kamar ana karanta tarihi. Ko da aka matso da shi, Zinariya ta sakar masa harbi. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Kun gani ko? Kunya ce irin ta 'ya'yan manya." Aka bar ta can 'yan kwanaki, aka dawo da ita.

Ciki ya fito da wuri, har da wurin ya yi yawa, amma Alhaji ya ce ƙarfin jini ne. Abokan hirarsa a majalisa kuwa sun shiga uku, kullum labarin duƙushi, har suna an raɗa masa tun yana ciki.

Ranar haihuwa rabin unguwa ta cika barga. Da ta haihu, ɗan ya miƙe yana rawar ƙafa, ya girgiza kai, sai ga kunnuwa zaƙo-zaƙo sun tashi sama. Alfadari ne, ko makaho ya shafa ya san haka. Alhaji ya dubi kunnuwan, ya dubi dangar da iskar damina ta taɓa kayarwa, abin tausayi har idonsa ya kawo ruwa. Can a bayan danga jakin Tunau ya zaɓi wannan lokaci ya fasa kuka.

Nan take aka kira Tunau, ya zo ƙafa duk yashi, ya durƙusa.

"Kai Tunau, ka cuce ni! Dawakin sarauta na kora daga ƙofar gidan nan, a ce jaki? Jakin ma da ba a san ubansa ba!"

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Ubansa kam ban san shi ba, a kasuwar Maigatari na saye shi. Ɗansa dai na sani, ga shi nan yana shan nono."

Mutane suka fara toshe baki da hannun riga. Alhaji ya ƙara hasala.

"To me ta gani a jikinsa? Faɗa mini! Me 'yar asali irin wannan ta gani a jikin mai dakon yashi?"

Tunau ya sosa ƙeya, ya ce, "Wallahi Alhaji ni ma na yi mamaki. Ina jin dai ta gaji da jiran mai asali ne, ta leƙa ta ga mai sana'a."