Baƙin Ɗigo a Tafin Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa ba da makon da na yanke wa kaina hukuncin mutuwa, ba likita, ba asibiti, daga ni sai waya.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Jega, irin malaman nan da idan ka ce musu kanka na ciwo sai sun yi maka lacca. Na raina wanzamai, na raina masu ɗori, na raina duk wanda bai zauna a aji ba. To wata rana na taka wani abu a filin makaranta da silifas a ƙafata. Ya ɗan yi zafi, na manta da shi. Bayan mako uku sai ga wani baƙin ɗigo a tafin ƙafar, girman ƙwayar dawa, in na taka sai ya soke ni.

Mai hankali asibiti zai nufa. Ni waya na ɗauko a ofishin malamai. Na ci karo da wani rubutu na Turanci wanda takensa tambaya ce: shin rauni a jiki yana ƙara haɗarin kansar fata ga 'yan Caina? A ƙasa ga hoton tafin ƙafa da baƙin tabo. Ban karanta amsar ba. (Ni da nake zane ɗalibai idan suka amsa tambaya ba su karanta ta ba.) Rauni dai akwai, baƙin tabo akwai. Saura zama ɗan Caina, shi ma ban sha wahala ba, don tun ina firamare ake tsokanata da Ɗan Caina saboda ƙananan idanuna. Na ce wa kaina ruwa ba ya tsami banza, wa ya san abin da ke cikin jinin kakanni? Kakannin nan kuwa ko Kamba da ke nan bakin iyaka ba su taɓa wucewa ba.

Matata Hadiza ta ce, "Malam, ka tafi asibiti mana a duba." Na ce mata me za su faɗa mini wanda ban sani ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, tsoron da ya hana ni cin tuwo kwana uku. Kuma ba mutuwar kaɗai ba, akwai wani alhaki da nake ɗauke da shi.

Shekara biyu kafin nan, surukina Alhaji Mamman, mahaifin Hadiza kuma manomin albasa a Aliero, ya yi rainon iri mai kyau. Ni da iyayi na kai masa maganin feshi, na haɗa da hannuna, na ninka awon da aka rubuta don ina ganin na fi masu rubutun sani. Ƙanensa Baba Ladan ne ya fesa. Kwana biyu irin ya ƙone ƙurmus. Aka ɗora wa Baba Ladan laifi, aka ce sakaci ne da hassada, ni kuwa na yi gum da bakina har da taya jaje. Mutumin ya tattara iyalinsa ya koma Maiyama. Tun daga nan wa da ƙane ba sa haɗuwa sai a wurin jana'iza.

Tunda tafiya ta zo, na ce ba zan shiga kabari da wannan ba. Lissafina (ku ji wayon banza) shi ne babu mai tsawata wa wanda yake bakin mutuwa. Za a yi kuka, a yafe, a rufe magana tare da ni.

Na hau babur sai Aliero. Na tarar da Alhaji a ƙarƙashin rumfa ana cika buhunan albasa, ga abokansa dattawa wajen shida. Na cire takalmi, na durƙusa, kaina a ƙasa. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi saboda kunyar surukuta, ranar na buɗe baki na zazzage komai. Na ce, "Baba, sallama na zo yi. Kansar fata ta kama ni. Irin nan da ya ƙone, ni ne na ninka maganin, Baba Ladan bai san komai ba. A yafe mini." Har da hawaye, kuma ba na albasa ba.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Wane likita yag gaya ma?"

Na ce bincike ne na 'yan Caina.

"To. Miƙo ƙahwar in gani."

Jama'a, suruki ya ce ka miƙo ƙafa. Na yi ta noƙewa, wani dattijo ya ce, "Malam, mai mutuwa ba ya kunya." Haka na zauna a ƙasa, na ɗora tafin ƙafata a cinyar mahaifin matata. Ya latsa wurin da babban yatsa, na yi ƙara. Ya sa hannu a aljihu ya ciro matsefata, ɗan ƙarfen nan da manoma ke cire ƙaya da shi. Ya ɗan tona, ya ja. Sai ga tsinin ƙayar aduwa, baƙi ƙirin, da ɗan daskararren jini.

Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani. "Wagga ta kansar?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya goge matsefatar a gefen riga ya ce, "Nawa na yahe ma. Na Ladan ba ni ka yahewa ba. Ƙahwa ta warke, Maiyama ba nisa. Tashi ka kai ni."

Na goya shi a babur har Maiyama. A ƙofar gidan Baba Ladan na sake durƙusawa na maimaita karatuna, wannan karon babu kansar da zan fake a bayanta. Ya saurara har na gama. Ya dubi yayansa, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya juyo gare ni.

"Wato Malam, da ba ka taka ƙaya ba, hakanan za ni mutuwa ana ce min mai ƙone irin ɗan'uwanai?"



Yanzu wa da ƙane sun koma cin tuwo a kwano ɗaya, ni ne kuma miyar hirarsu. Abin da na koya kaɗan ne. Baƙin tabo a jiki likita ake kai wa, tun da wuri. Gaskiya kuma a faɗe ta tun ana lafiya lau, don wanda ya jira sai ya ga kabari kafin ya faɗa, idan Allah ya yi masa tsawon rai, kowa ya riga ya san abin da ya buɗe masa baki.