Inuwar da ta shanye furar wasa

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ya faro ne daga wata 'yar ƙarya da ba wanda ya tilasta mini yi. Mushe Yohanna, malaminmu mai kula da 'yan wasan kwaikwayo na koleji, ya tambaya ko akwai wanda ya iya majigi. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Sau ɗaya na taɓa ganin majigi a rayuwata, ranar da masu rigakafi suka zo Garagumsa, kuma rabin kallon barci na yi.

Ba majigin nake so ba. Wurin zama da la'asar nake nema. A shekarar ruwa ya ƙi, hatsi ya ƙone tun yana guiwa, iyayena suka kora sauran awaki suka yi kudu cin rani. Ni aka bar ni Damagaram gidan wani abokin babana, baduku a Birni, mutumin kirki wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Tukunya sau ɗaya ake ɗorawa. In an tashi lakwal, wato makaranta, kowa ya kama hanyar gidansu da abokinsa, ni kuwa in hau dutse in zauna ina hira da ƙadangaru (akwai wani mai jan kai da muka shaƙu sosai, shi ma ba ya amsawa).

Ranar farko na zura gilashi a majigi, bishiya ta fito saiwa sama, ganye ƙasa. Mushe ya daɗe yana kallonta.

"Ɗan Garagumsa, haka bishiyoyinku suke tsirowa?"

"Fari ne, Mushe. Sun gaji da jiran ruwan ƙasa."

Ya yi dariya, bai kore ni ba. Ya koya mini yadda ake zane a ɗan gilashi da tawada, a zura shi a kife, haske ya ɗauke shi ya shimfiɗa a kan farin zanen da aka rataya bayan 'yan wasa. Gona, rijiya, hadari, duk daga gilashin da bai kai tafin hannuna ba. Ni da majigi muna can bayan zanen, mu biyu rak. Doka ɗaya ce: kada kowa ya gifta tsakanin fitila da zane. Na ce to. Sai dai ban taɓa kallon wasan daga gaba ba, saboda haka dokar ta shiga kunnena ne kawai, ba ta sauka ƙasa ba.

Duk da haka na ji daɗin wurin. Ko ba a hira da ni, akwai masu cewa "ina ɗan Garagumsa?" in na makara. Wannan tambayar kaɗai ta isa in yini a kanta.

Wasan namu na fari ne. Ladi, 'yar aji na sama, ita ce uwar da mijinta ya tafi neman abinci. A ƙarshe ruwa ya sauka, mijin ya dawo, ta tare shi da ƙwaryar fura. Duk lokacin gwaji ƙwaryar wofi ake amfani da ita. Amma ranar wasa, da yake iyaye da manyan gari za su zo, matar Mushe ta dama fura ta gaske, da nono na gaske, aka ajiye ta a kan kujera a bayan zane, gaba kaɗan da majigina.

Ku yi mini adalci. Rabona da abinci tun tuwon jiya, wanda in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta cikinsa.

Bayan magariba aka cika fili. Na zura gilashin busasshiyar gona, wanda ke daɗewa ba a canza shi ba, don a nan ne Ladi take doguwar maganarta. Ƙamshin fura ya taso ya zauna kusa da ni kamar ɗan'uwa. Na ce ludayi ɗaya. Wa zai gani? Ga zane tsakanina da duniya. Na matsa gaba, na durƙusa, na ɗauki ludayi.

"Ya Allah," in ji Ladi, muryarta na rawa, "rumbu wayam, tukunya wayam. Wa ya cinye mana abincinmu?"

Sai na ji wani yaro ya ce, "Ga shi can bayanki."

Aka fara dariya. Na ce a raina mutanen birni ba su da tausayi, mace na kuka suna dariya. Na ƙara ludayi. Dariya ta ƙaru. Na ajiye ludayi don yana ɓata mini lokaci, na kafa kai a ƙwarya. Abin da ban sani ba, a tsakiyar gonar da na zana da hannuna, wani ƙato ya bayyana, kansa ya kai girman rumbu, kunnuwa kamar faifai, maƙogwaro na hawa yana sauka. An ce har lokacin da na sa yatsa na suɗe gefen ƙwarya, wata tsohuwa ta yi salati ta rufe wa jikanta ido.

Ladi ta waiwaya. Ta cikin zane na ji ta ce, ba da muryar wasa ba, "Kai ɗan ƙauye, Allah ya isa."

Sannan na ga haske a bayan hannuna. Sannan na gane.

Aka ƙarasa wasan da ƙwarya wofi. Mijin ya kafa kai yana shan iska, wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Haƙuri, maigida, an riga ka." Da aka watse 'yan wasa suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko zage ni. Na naɗe waya ni kaɗai, ina tunanin gobe da la'asar sai dai dutse da ƙadangare.

Mushe Yohanna ya zo ya tsaya a kaina.

"Yaushe rabonka da cin abinci?"

"Yanzun nan, Mushe."

Ya kau da kai, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo ya ce, "Wata guda ina neman yadda zan nuna yunwa a wasan nan. Gobe ka zo da wuri. Za ka sake, amma sai na ba ka alama."

Abin da na koya shi ne, in za ka yi abin kunya, fara duba inda fitila take. Ba a kore ni ba. Muka kai wasan har Mirriya, kuma ko'ina ƙaton nan ake jira. Yara suna kwaikwayonsa a hanya, ina wucewa ta gabansu ba su san ni ba ne. Ladi ba ta sake yi mini magana ba har ta gama koleji. Ƙwaryar kuwa, tun daga ranar, wofi ake ba ni.