Harshen Ƙasa da Ɗan Akuyan Perpétua

Duk faɗin Fotugal babu harshe irin na Dokta Anacleto Valadares. Ba likita ba ne, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Amma wanda ya rubuta littafin gidajen abinci ɗari da ya kamata matafiyi ya tsaya, tun daga Minho har Algarve, ai ya wuce a kira sunansa gatsau. Mu nan Coimbra, Harshen Ƙasa muke ce masa. Yakan sunkuyar da kai ya amsa, don shi mutum ne mai tawali'u.

Baiwarsa ta kai ba ya buƙatar tafiya. Yana zaune a shagon kofi na bakin kogi, direbobin manyan motoci su faɗi inda suka ci, shi kuwa ya lumshe ido ya ɗanɗana daga nan.

Bara ƙungiyar 'yan fansho ta unguwarmu ta roƙe shi ya kai su gidan da ya fi yabo, na Dona Perpétua, a wani ƙauye bayan Bragança. Ya so ya noƙe, sai ya ga an buga sunansa a sanarwa da manyan baƙaƙe. Ranar tafiya ya hana kowa karyawa, wai kada a ɓata harshe. Tsofaffi arba'in, har da masu ciwon suga, awa huɗu a mota, shi yana tsaye riƙe da lasifika.

"Jama'a, gasasshen ɗan akuyan Perpétua ba cinsa ake yi ba, sauraronsa ake yi. Watan jiya da na je, sai da ta yi hawaye ganin yadda nake tauna."

Ƙarfe biyu suka isa. Ga ƙofa, ga lambar gida, sai dai ƙamshin katako ke tashi. Dokta ya shaƙa, ya bayyana musu cewa itacen gashi ne na musamman. Ya tura ƙofa, tsofaffi na biye, suka tarar da akwatunan gawa jere, wani mutum yana goge su.

Belmiro ne, ɗan Perpétua. Ya ce mahaifiyarsa ta shekara bakwai da rasuwa, shi ya mai da wurin shagonsa, kuma kowace bazara sai baƙi sun zo riƙe da wani littafi suna neman akuya. Ya ƙare wa furfurar da ta cika ƙofa kallo.

"Ku dai kun fi kama da masu ciniki. Wa za a fara aunawa?"

Dokta ya ce kuskuren maɗaba'a ne. A gidan mai aka ƙare, kowa da burodi da cuku mai sanyi, shi kuma ya zagaya bayan mota ya cinye uku.

Bana littafin ya sake fitowa. Gidan Perpétua na nan a shafinsa, har an ƙara masa tauraron yabo ɗaya. Dokta ya rubuta cewa wuri ne mai natsuwa, ba a taɓa jin wanda aka yi wa hidima ya yi ƙorafi ba.