Yadda Za Ka Kare Dajin Gwamnati Ba Tare da Ka Faɗi Dalilinka Ba

Kana da wani lungu a daji inda kake tsinkar naman kaza, tsiron nan mai kama da laima, wanda ko matarka ba ka nuna wa ba? Gwamnati ta sa shi a gwanjon katako? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na rantse sirri ba zai fita daga bakinka ba. Surukina Ilarie ya gwada su a ƙauyenmu da ke yankin Bukovina.

Na ɗaya: Karanta sanarwar kamar ba ruwanka.
Za a manna ta a ƙofar ofishin magajin gari: yanki na 47, za a sayar da itatuwansa, mai ƙorafi yana da kwana talatin. Kada fuskarka ta motsa. Ilarie ya ga 47, inda ya shekara talatin yana cika kwando. Ya share gumi ya ce, "Kai, yau ana zafi." Ƙanƙara ake zubawa.

Na biyu: Ari dalili.
Takardar ƙorafi tana tambayar dalili. Gaskiya a nan asara ce. Ilarie ya rubuta cewa wata mujiya da ta kusa ƙarewa a duniya tana ƙwai a wurin.

Toader malamin daji ya karanta, ya ɗago kai. "Baba Ilarie, yaushe kuka shirya da mujiya? Bara da takalmi ka jefe ta."

"Tsufa ne, ɗana. Zuciya ta yi laushi."

Na uku: Kada ka nemi sa hannun maƙwabta.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsinkar naman kaza ba. Hannu biyu, kwando biyu ke nan.

Na huɗu: In an ce ka nuna wurin, ka ɓatar da sawu.
Masana za su zo daga birni da taswira, rabin gari kuma ya biyo su kallo. Ilarie ya waiwaya ya ga har limamin coci a layi. Sai ya karya kwana, ya kai su yanki na 48, duk ƙaya da duwatsu, ya nuna wani kogon bishiya. Allah da ikonsa, mujiya ta leƙo.

Na biyar: Karɓi sakamako da haƙuri.
Sabuwar sanarwa ta fito: an hana taɓa 48 har abada. An sayar da 47.

Ranar da injin yanka ya fara kuka, Ilarie ya kasa cin tuwon masararsa. Na tausaya masa, wallahi. Ya ce wa matarsa Paraschiva, "Yau zan faɗa miki abin da na ɓoye."

Ta ce, "Bayan tsagaggen dutse? Haba, tsoho! Mu mata ranar Talata muke zuwa, in ka tafi kasuwa. Liman kuma Litinin. Da ka buɗe baki, da gari kaf ya sa hannu."

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin dajinka, ko kwandonka, ko kallon da matarka za ta yi maka. Kada kowa ya kawo mini kuka, ina fama da nawa. Ni Alhamis ce ranata.