Mudi da Abin da Kowa Ke Tsoro

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum wai shi Mudi, wanda in ka ce masa zauna nan, to sai ka dawo ka ce tashi. Daga shi sai matarsa Kande, mai tsohon ciki. Yayyenta maza uku matsoraci suke ce masa, har sun rantse in ta je gida wankan jego ba za ta dawo ba. Wannan magana ta hana Mudi sakat.

Wata rana ya tambayi Malam Haladu, tsohon malamin makaranta, mece ce jarumta. Malam, da yake yana son a san ya yi karatu, ya ce Turawa na da wata tsohuwar kalma, derin-du. Asalinta magana ce kawai, wato ƙarfin halin yin abu, sai masu buga littafi suka yi tuntuɓe, na baya suka mai da ita sunan aikin jarumai. "Abin da kowa ke tsoron yi, kai ka yi," in ji Malam. Iyakar abin da Mudi ya riƙe ke nan.

Wata rana ya ji ana tsoron zuman da ke kogon kuka. Ya zura hannu har kafaɗa. Kwana uku Kande na ba shi kunu a baki, don idanunsa sun rufe.

Wata rana kuma ya lura ba mai iya gaya wa surukarsa miyarta ba gishiri. Ya gaya mata, a gaban baƙi. Da muciya aka raka shi har bakin rafi.

Wata rana Kande ta haihu, jini ya ɓalle mata. A asibiti likita ya ce sai an ƙara mata jini nan take. Babban yayan ya ce yana mura, na tsakiya ya tuna bai ɗaure jaki ba, ƙaramin ya ce wai mai ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa.

"Kowa tsoro yake?" in ji Mudi.

Ya ruga waje, ya dawo da bokitin mai shara, ya miƙa hannu bibbiyu ya ce a cika. Likita ya gwada, jinin ya dace, ya ɗebi leda guda.

Da Kande ta buɗe ido, Mudi ya zube ƙasa yana hamdala, hankalin kowa ya kwanta. Babban yayan ya soma zancen wankan jego, tsohuwa, surukar Mudi, ta harare shi ta ce:

"Za ta je, ta koma ɗakinta. Jininsa ne a jikinta, sai in ga mai raba su."