Yadda Za Ka Zama Uban Ƙungiyar Ƙwallo Ko Ba Ka San Ofsaid Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin kaka ta zagayo za a riƙa kiranka Uban Ƙungiya, ana miƙewa in ka iso fili, ko da kuwa rabonka da gudu tun ranar da bijimi ya kwance a kasuwar shanu. Ba a littafi na karanto ba. Ni ne Alhaji Barau mai riɗi na Ɗanzomo, ni na riƙe Zomaye United a shekararta ta farko bayan ta hau rukuni na ɗaya a gasar jiha. Tambayi kowa daga Gumel har Maigatari, ya san abin da na yi wa ƙungiyar nan. Wasu ma in an ambaci sunana sai su kasa magana.

Mataki na 1: Bari su ci tukuna

Kuskuren sabon shiga shi ne son ƙungiya tun tana shan wahala. Wannan aikin wasu ne. A garinmu Malam Manu ne ya yi shi, malamin firamare, Bafulatani siriri mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tada jariri. Shekara shida yana tara samari a filin bayan makaranta, turakun raga na itacen dogon yaro, ƙwallo ɗaya mai faci uku. Iya Sabuwa mai ɗanwake ita ke wanke musu jesi, ita ke ciyar da su bayan wasa. In sun ci ta ƙara musu mai, in an ci su ta ƙara musu yaji. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa taka filin ba. Mutum mai daraja ba ya zuwa inda babu kujera.

Ranar da suka ci wasan ƙarshe a Gumel, ina shago na ji hon ɗin babura. Na tambaya, aka ce yaranmu sun hau sama. Na zura babbar riga, na tare su a tasha, na rungumi wani dogo ina cewa, "Ɗana, ka fitar da ni kunya!" Daga baya na ji ashe direban motar ne. Ba komai. Abin da ake bukata shi ne in an ɗaga waya za a ɗauki hoto, hannunka na kan kofi.

Mataki na 2: Sayi abin da ido ke gani

Da aka zauna a ƙofar gidan mai gari don shirin sabuwar gasa, Malam Manu ya miƙe da 'yar takarda. Ya ce ana bukatar ƙwallaye, da akwatin magani, da motar da za ta riƙa kai yara wasan waje.

Kada ka taɓa ko ɗaya a ciki. Wa ya taɓa ganin sunan mutum a jikin maganin targaɗe? Ni jesi na sa aka ɗinko, ruwan ɗorawa, da hotona a ƙirji, a baya kuma an rubuta BARAU RIƊI DA ZOƁO, SARI DA ƊAI-ƊAI. Rubutun ya cinye wurin lamba, sai aka mayar da lambar kan wando.

"Alhaji, an gode," in ji Malam Manu, yana murza yadin da yatsa. "Amma wannan ai leda ce. Yaran za su dahu."

"Malam, zafi shi ke sa ɗan wasa gudu. Haka ake yi a Turai."

Riƙe wannan kalma da kyau. Babu wanda ya taɓa zuwa Turai a wurin, don haka babu mai musa maka. Kafin a shafa addu'ar tashi an naɗa ni Uban Ƙungiya.

Mataki na 3: Haddace kalmomi uku

Fomeshin, taktik, ofsaid. Ba sai ka san ma'anarsu ba. Ka dai riƙa jefa su kana girgiza kai.

Wasanmu na farko a gida da 'yan Gagarawa ne, kuma ban taɓa ganin garinmu haka ba ko da sallah. Masu rake da gyaɗa sun yi layi har bakin titi. Iya Sabuwa ta sayi sabuwar tukunya wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Mutanen rugage sun zo da sandunansu, mata sun jeru a jikin katangar makaranta. Aminullahi, kyaftin ɗinmu, wanda ya riga ya haɗa jaka zai tafi haƙar zinariya can gaban Agadas, ya kwance kayansa ya ce ya fasa. Mahaifiyarsa har shago ta zo ta durƙusa tana yi mini godiya. Na karɓa. Godiya in ta zo ba a tambayar ta ko ta ɓata hanya.

Sai dai ga gargaɗi: bayan hutun rabin lokaci ana canja gida. Ni babu wanda ya gaya mini. Da na ga ƙwallo ta shige ragar da muke ta kai wa hari tun farko, na daka tsalle na cilla hula sama ina kabbara. Fili ya yi tsit. 'Yan Gagarawa kaɗai ke taya ni.

In haka ta same ka, zauna a hankali, ka karɓi hularka, ka ce, "Karrama baƙo nake koya wa yara." An tashi ɗaya da ɗaya.

Mataki na 4: Cusa naka

Golanmu Cindo ne, iyayensa daga tsallaken iyaka suka zo, yatsa shida gare shi a hannun dama. Ba ya sa safar hannu, ba ya surutu, ƙwallo dai ba ta wuce shi. Ni kuma ina da ƙanin mata, Abdulmuhaimin, wanda ya sayo safar gola ta gaske a Kano, har da askin da ya dace da ita.

"Baban Mansura," in ji matata Muhsina tana zuba mini miya, "kai ne uban ƙungiya, ƙanina kuma yana ɗumama benci? In na je gidan suna me zan ce?"

Washegari na sanar da Malam Manu sabon tsari.

"Alhaji, yaron nan in ƙwallo ta taso rufe ido yake yi."

"Natsuwa ce, Malam."

A Sule Tankarkar biyar aka zura mana. Ta huɗun daga tsakiyar fili aka bugo ta yana gyara safa. Cindo na benci ya rufe fuska da yatsunsa goma sha ɗaya.

Mataki na 5: Kori wanda ya fi ka sani

Muddin yana nan, mutane za su riƙa gwada maganarka da tasa, kuma ba kai ne za ka ji daɗin sakamakon ba. Amma kada ka kore shi haka kawai. Ƙirƙiro masa laifi.

Ni atisaye na mayar safiyar Alhamis. Alhamis kuwa kasuwar Maigatari ce. Rabin 'yan wasanmu can suke lodin shanu a kamiyo, manyan motocin nan, saura suna acaɓa, kuma abin da suka samo ranar shi ke riƙe gidajensu har mako ya zagayo. Mutum uku suka zo. Ran Asabar na tara kowa, na ce koci ya kasa riƙe tarbiyyar yara, ya miƙo usur.

Na shirya wa gardama, har na tanadi amsoshi. Bai yi ba. Ya cire usur ɗin daga wuyansa, ya goge shi da bakin riga, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Alhaji, Nura na da asma, kada ya wuce minti sittin a fili. Aminullahi kuma in aka yi masa tsawa a gaban mutane, ƙafarsa mutuwa take yi. Shi ke nan."

Ya hau kekensa ya tafi.

Shawarata a nan, kada ka kalli idon yaran. Ni na kalla, kuma tuwon ranar bai wuce mini ba.

Mataki na 6: Laifin na wani ne

Wasa bakwai muka yi ina koci, muka samu maki ɗaya. A irin wannan hali dole ka zama mai tanadi. Kada ka ƙarar da alƙalin wasa a mako guda. Akwai rana, akwai iska, akwai direba. Da muka je Maigatari cewa na yi filin ya karkata, mu ne muka yi ta hawan tudu duka rabi biyun.

Matsalar ita ce gari ba ya cin bayani. Masu rake suka daina zuwa. Sabuwar tukunyar Iya Sabuwa ta riƙa komawa gida da rabin ɗanwake. Mahaifiyar Aminullahi ta fara wucewa ta ƙofar shagona ba gaisuwa, domin ya gaya mata in ƙungiya ta faɗo, ranar zai kama hanyar arewa, shi da wasu huɗu. Daga garin nan samari da yawa sun bi hanyar, ba duka ne aka sake jin muryarsu ba.

Wata Talata sai ga Iya Sabuwa a shago.

"Barau."

Ka lura, babu Alhaji. Tsohuwar da ta yi maka wankan jarirai ba ta san ka je Makka ba.

"Na goya ka, ka yi mini fitsari a baya, na wanke ban ce komai ba. Amma wanda kake yi wa garin nan ya fi ƙarfin wanki."

"Iya, taktik ne."

"To Allah ya ba shi lafiya," ta ce, ta juya.

Mataki na 7: In an yi maka juyin mulki, ka ce da saninka

Wasan ƙarshe a gida ne da 'yan Maigatari. In mun ci mu tsira, in ba haka ba mu koma inda muka fito. Na iso da fomeshin ɗina a rubuce a bayan kwalin sabulu. A bakin fili Iya Sabuwa ta tare ni da mata kusan ashirin, suna ta "Sannu da zuwa, Uban Ƙungiya." Suka raka ni har gindin wata tsamiya can nesa da benci, inda aka shimfiɗa darduma aka ɗora kujera. Wai wurin manya. Iya ta zauna kusa da ni, muciya a kan cinya.

Sai ga yara sun fito cikin tsohuwar jesinsu koɗaɗɗiya, Malam Manu na biye. Ashe mako uku ke nan kullum bayan la'asar suna bin sa rugar mahaifinsa, suna atisaye a makiyaya, shanu na kallo. Duk garin ya sani. Har matata.

Na yunƙura.

"Zauna, Barau."

Na zauna.

Daga nan na hango Abdulmuhaimin ya tuɓe safarsa da kansa ya miƙa wa Cindo. Cindo ya gwada, babu ɗakin yatsa na shida, ya mayar masa ya dafa kafaɗarsa. Ban taɓa ganin mutum ya tafi benci da farin ciki irin na ƙanin matata ba.

Har minti tamanin babu ci. Sai muka samu bugun kwana, Aminullahi ya tashi sama da kowa ya sa mata kai. Raga! Ba mu gama ihu ba, lokaci na cika alƙali ya ba Maigatari fenariti.

Ɗan'uwa, a nan ba ni da wata dabara da zan koya maka. Filin ya yi shirun da har kukan shanu ake ji daga bayan gari. Iya Sabuwa ta damƙe hannun rigata, wannan karon ba don ta tsare ni ba. Can jikin katanga mahaifiyar Aminullahi ta juya wa fili baya ta rufe kunne. Ni kuma na tsinci bakina yana karanto duk abin da na sani, har da addu'ar shiga kasuwa. Ba sunana nake roƙa wa ba. Ko tuna shi ban yi ba.

Ɗan Maigatari ya narka ta kusurwar dama. Cindo ya bi ta, ya taɓa ta da ɗan abin da ya taɓa, ta gogi turke ta fita. Har yau a teburin mai shayi ana musun da wane yatsa ne.

Ban san lokacin da na isa tsakiyar fili ba. Takalmina ɗaya har yanzu ba a gan shi ba. Aminullahi bai tafi ba, su huɗun ma haka. Bana ma riɗi Aminullahi ya shuka.

Washegarin wasan aka koma ƙofar gidan mai gari. Wasu suka ce a tsige ni, wasu suka ce tsigewa ta yi kaɗan. Aka ce Malam Manu ya yi magana.

"A bar mana Alhaji," ya ce. "Jiya na ga gudunsa, ashe yana son abin. Ruwan sha nake so ya riƙa kawowa, yaran na wahala da ƙishi."

Nan take mai gari ya naɗa ni Uban Ƙungiya na Dindindin, bisa sharaɗin ba zan zaɓi ɗan wasa ba, ba zan yi wa alƙali magana ba, ba zan tsallaka farin layi ba. Ka ga da ina riƙon shekara-shekara, yanzu na har abada ne. A harkar mulki wannan shi ake kira ƙarin girma.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan aka ci ƙungiyarsa, ko aka daina amsa masa sallama, ko tsohuwar unguwarsu ta kira shi da sunan yanka a gaban abokan ciniki, babu ruwan Alhaji Barau, babu ruwan shagonsa, babu ruwan iyalinsa. Mai ƙorafi ya same ni ran Asabar a bayan ragar gabas, ni ne mai babbar riga da kurar ruwa. Amma ya zo kafin a take wasa ko bayan an tashi. In Cindo na raga ba na jin kira.